Shekari na Zumuntar Mata

In ka shiga Nasarawa ta bayan Kakuri kana neman Shekari, za a tambaye ka wanne, don masu sunan suna da yawa. Amma ka ce Shekari na Zumuntar Mata, ko mai tallan gyaɗa za ta nuna maka ƙofar gidan. Kar ka ji sunan ka kai zuciyarka nesa. Namiji ne sosai, da gashin bakinsa kamar tsintsiyar kwakwa, da ɗansa Elisha da ke aikin walda a Abuja. Sai dai kusan shekara goma, duk Alhamis da yamma, in matan cocinsu sun hallara da farin ɗankwali da zanen anko, za ka same shi a benci na biyu a tsakiyarsu, ya haɗe gwiwoyi, sai ka rantse da shi aka kafa ƙungiyar.

Ta wajen Zonkwa aka haife shi. Ya sauka Kaduna yana saurayi da akwatin kwano, wani kawunsa ya cusa shi a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, sashen buga zane. A bakin ƙofar masaƙar ya gamu da Juliana, mai kunu da ƙosai, macen da bakinta ya fi man suyarta zafi. Ranar farko da ya tsaya a gabanta yana ta kame-kame, cewa ta yi, "Kai ɗan saurayi, kunun za ka sha ko kallona ka zo yi? In kallo ne matsa gefe, kana tare mini masu saye." Ya matsa gefen. Shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura musu aure a coci.

Sai soja suka koma bariki, aka ce mulkin farar hula ya dawo, kowa zai sha romo. Romon da ya iso Kakuri shi ne kwaɗo a ƙofar masaƙa. Shekari ya yi acaɓa har aka hana, ya yi gadi, ya tsaya gefen titin Abuja a Gonin Gora yana ɗaga wa motoci doya, motocin suna wucewa ko kallo bai ishe su ba. Juliana ce ta riƙe gidan da kaskonta, kuma ba ta taɓa barinsa ya manta da haka ba.

A coci kuwa ita ce mai babban tulu. Matan zumunta ba ruwansu da fiyano. Tulun ƙasa suke kafawa a kan gammo, a riƙa dukan bakinsa da faffaɗan soso, yana ba da wani dum-dum da kake ji a ƙirjinka kafin kunnenka, ga caki da 'yar ganga suna bi. In Juliana ta saki hannu a kan tulun nan ta ɗaga murya, har masu keke sukan rage gudu a bakin titi.

Wata safiya tana tsame ƙosai, ludayin ya suɓuce daga hannunta, ita ma ta bi shi ƙasa. Hawan jini ne. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Matar da take iya wanke layi guda tas kafin mai ya yi zafi, ta koma ba abin da ke fita daga bakinta sai "mm". Shekari ya bar doya ya bar komai. Shi ne wanka, shi ne ɗura kunu, shi ne juya ta a gado. A nan kam ba mai cewa komai sai Allah ya saka masa.

Ran nan matan zumunta suka zo gaishe ta, suka cika ɗakin, suka ɗauki waƙa. Sai ga leɓen Juliana yana motsi. Maganar da ta ƙi fita a zance, ga ta tana fita a waƙa, a karkace amma kalma-kalma. Shekari ya durƙusa a tsakar ɗaki ya yi kuka kamar yaro. Daga ranar ya yi wa Allah alkawari, muddin yana numfashi, Juli ba za ta rasa zumunta ba. Duk Alhamis ya ɗauro ta a keke napep, ya goya ta daga bakin titi zuwa benci, ya zauna ta damarta ya tokare ta da kafaɗa, ya riƙe mata wuyan tulu, ita kuma ta doka da hagu. A duk mako wannan ne kaɗai lokacin da ake jin muryarta, kuma Shekari ya tabbata in babu kafaɗarsa babu muryar.

Ai kuwa ya yi suna. Fasto ba ya wa'azin aure bai ambace shi ba. Mata a gida suka samu sandar dukan maza, ko ruwa miji ya ƙi ɗebowa sai ya ji, "Ba ka ga Baban Elisha ba?" Mazan cocin suna gaishe shi da hannu biyu, suna tsaki in ya juya baya.

To, ɗan Adam. A hankali Shekari ya zama bakin Juliana, kuma bakin ya fi na da yawan magana. "Juli ta ce waƙar ta yi sauri." "Juli ta ce mai caki tana riga kowa." Ita dai Juli "mm" ta ce, sauran duk daga aljihunsa. In an kawo samfurin anko, shi ne farkon murza shi tsakanin yatsu, ya shinshina, ya ce wannan wanki ɗaya zai zuba, a zamaninsu ko tsumman goge inji ba za a yi da shi ba. In an zo lokacin roƙon addu'a, inda kowace mace ke faɗin abin da ke cin ta, sai ya sunkuyar da kai ya runtse ido don ya ba su sirri. Kuma abin ya riƙa burge shi. Shekara da shekaru ba abin da ke damun matan cocin nan sai ciwon kai da jarrabawar yara. Yakan gaya wa mutane cewa Allah ya yi wa ikilisiyarsu albarka ta musamman.

Ana nan sai Baba Nicholas ya samu sabuwar waya. Dattijon coci ne, tsohon ma'aikacin gwamnati da ritaya ta bar masa lokaci fiye da kima, kuma 'yarsa da ke aikin nas a Ingila ce ta aiko masa da wayar. Tun daga nan duniya ba ta ƙara yin atishawa bai sani ba. Wata Lahadi ya nemi a tsaya bayan sujada don taron wayar da kai. Aka aro majigi, aka tada janareto, aka rataya zanen gado a bango.

"Jama'a," in ji Baba Nicholas, "can ƙasar Turawa ana ta da jijiyar wuya a kan wata doka. Wai mutum ya tashi ya ce shi mace ne, ko mace ta ce ita namiji ce, faɗar bakin ta isa, a canja masa takarda. Shi ke nan sai ya shiga bayin mata, ya shiga wurin canja kayan mata, in an ɗaure shi a kai shi kurkukun mata. In muka yi barci, wata rana za mu farka mu gan ta a ƙofarmu."

Coci ta ɗauki salati irin nata, "Yesu!" ta ko'ina. Malama Lydia, wadda ke koyarwa a firamare, ta miƙe ta ce ita ma ta bi zancen, kuma baki biyu gare shi. Akwai matan can da ke cewa a bar musu wurarensu, kuma suna da hujja. Akwai kuma mutanen da dokar ta shafa, da ke cewa su dai a bar su su yi rayuwarsu ba tsangwama. Ba ta kai ƙarshe ba aka ce ta zauna, boko ya yi mata yawa. Wani ya tambaya ko mace za ta iya cewa ita namiji ce ta ci gadon gona, nan fa mazan da ke gyangyaɗi suka wartsake. Aka yi ta yi har man janareto ya ƙare. Duk wannan kare mutuncin bayin mata kuwa, a cocin da bayinsa guda ɗaya ne tal, maza da mata, ba ƙofa sai buhu, in ka ji tafiya ka yi tari.

Mako guda ba a yi wata hira a unguwa ba. Wurin mai shayi ita ce, cikin keke ita ce, layin famfo ita ce. Ba wanda ya taɓa ganin mutum ɗaya a Nasarawa da ya zo neman a canja masa takarda, amma kowa ya shirya masa amsa. Shekari ma ya tofa nasa, ya ce Turawa ƙoshi ne ya yi musu yawa.

Alhamis ɗin da ta biyo, suna zama ke nan sai Mama Edith, shugabar zumunta, ta matso kusa da shi da murmushi. Tsohuwar ungozoma ce, ba ta ɗaga murya, kuma ba a taɓa jin ta nemi abu ta rasa ba.

"Baban Elisha, taimako za ka yi mana. Mai zanen ankonmu na Kirsimeti yana jira a kasuwar Kakuri, kuma ka san mu, sai a sayar mana da ruɓaɓɓe muna godiya. Ido irin naka muke so. Lydia za ta riƙe Maman Elisha kafin ka dawo."

An taɓo shi inda yake so. Ya tafi, ya murza zane ya shinshina, ya koya wa mai shago sana'arsa, ya dawo ana addu'ar tashi.

Ranar Lahadi magatakarda ya karanta sanarwa. Bisa la'akari da abin da ke faruwa a duniya, Zumuntar Mata ta yanke shawara, daga yanzu taronta na mata ne zalla, ba namijin da zai ƙara zama a ciki ko da wane dalili. Ba a ambaci suna ba. Ba a bukata, don duk wuyan da ke cocin ya juya benci ɗaya.

Shekari ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ba korar ce ta fi ci masa rai ba, Juli ce. Wa zai tokare ta? Wa ya san in ta fara zamewa ta dama sai an sa gwiwa an tare ƙugunta? Mako biyu za su yi su gaji, a ce ta zauna a gida, muryar nan ta mutu gaba ɗaya. Duk saboda wani tsoho da wayarsa! Ana tashi ya bar Juliana wurin Lydia, ya faɗa ofishin Fasto inda dattawa ke zama, ko sallama bai yi ba.

"Baba Nicholas, da girmanka da komai," in ji shi, "ni ne Baturen? Ka taɓa ganina a Ingila?"

"Baban Elisha, kwantar da hankalinka, ba kai ake nufi ba," in ji Baba Nicholas. "Ƙa'ida ce. Yau kai ne, mun san ka. Gobe wani zai zo da nasa dalilin. Da haka ta fara a can."

"Da matar wa ta fara a can? Tasu ma shanyewa ta yi?"

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

"Au, ni ne ƙadangaren?" Shekari ya buga tebur. "To shi ke nan! Ba kai ka ce faɗar baki ta isa ba? Ga shi na faɗa a gabanku, ni mace ce. A ba ni ɗankwalina in koma wurin matata!"

Wani dattijo ya ce, "Jinin Yesu!" Fasto ya dafe kai. Baba Nicholas kuwa, wallahi in ka ga fuskarsa sai ka ce an biya shi fansho. Ya miƙe yana nuna Shekari da waya, yana cewa, "Kun gani? Kun gani da idonku? Ban ce muku tana tafe ba? Ga ta har cikin ofishin Fasto!"

Shekari ya fito yana huci. A gindin tankin ruwa ya tarar da Mama Edith tana jiransa, ta ji komai ta taga.

"Baban Elisha, ka gama wasan kwaikwayon? Zo nan."

Ya zo.

"Ka bar tsohon nan ya huta, ba shi ya kore ka ba. Mu ne. Ina ruwanmu da Ingila? Ni ko Legas ban taɓa zuwa ba. Fakewa muka yi da guzuma muka harbi karsana. Shekara nawa muna neman bakin da za mu ce ka ba mu wuri, kunya ta hana. Wa zai kori mutumin da Fasto ke wa'azi da sunansa? Sai Allah ya kawo mana Baba Nicholas da majiginsa."

"Mama, me na yi muku?"

"Ba ka yi komai ba. Kana nan ne kawai. Kai a tunaninka duk matan cocin nan ciwon kai ke damunsu? Akwai wadda mijinta ke jibga, kuma benci ɗaya kuke zama da shi ran Lahadi. Akwai wadda jini ya ƙi tsaya mata. Akwai mai ƙullutu a nono, tana ɓoyewa. A gabanka za su faɗa?"

"Ai ina rufe idona."

"Da ido ake ji?"

Can ya ce, murya ta sauka, "To na ji. Amma Juli fa? Ita me ta yi muku da za ku raba ta da waƙarta? Da tana da baki, da kun ji abin da za ta ce."

Mama Edith ta dube shi, tausayi ya kama ta, amma ba ta fasa ba.

"Mun ji. Ranar da na aike ka kasuwa na ce duk wadda ta yarda ka ba mu wuri ta ɗaga hannu. Hannun da ya fara tashi nata ne, da soson tulun a ciki."

"Ƙarya ne! Ƙuda take kora. Hannun nan yakan yi haka."

"Ni ma na yi zaton haka, na sake tambaya. Ba ta sauke ba sai da na ce na gani. Ga ta can, je ka tambaye ta."

Bai tambaye ta a coci ba. Sai da suka isa gida, ya zaunar da ita a kujerarta a tsakar gida, ya ba ta abinci, ya goge mata baki. Sannan ya tsuguna a gabanta.

"Juli, wai ke ma kin ce in fita?"

Ta dube shi da idon nan nata na bakin masaƙa. Ya buɗe baki zai amsa mata kamar yadda ya saba, sai ta ɗaga hannun hagu sama, ta miƙe shi sosai, ta bar shi a can. Ba ƙuda ko ɗaya a wurin. Da ta sauke, a kan kansa ta ɗora shi, ta ɗan shafa furfurar. Shekari ya rasa ko fushi zai yi ko me, sai ya tashi ya hau wanke kwanon da bai gama jiƙa ba.

Alhamis ta zo. Ya goya ta har bakin ƙofar ɗakin taro, a nan ya tsaya. Lydia da wasu mata biyu suka karɓe ta. Ya bi su da bayani, a sa gwiwa ta dama, kar a bar kanta ya faɗa baya, tsumman goge baki yana cikin jaka, tulun yana son a ɗan karkata shi. Mama Edith ta ce, "Mun ji, Baban Elisha," ta turo ƙofa.

Ya tsaya a filin coci, shi da awaki. Bai san inda mazan unguwa ke zuwa ran Alhamis da yamma ba, ya daɗe da mantawa. Ya samu wani bulo a gindin mangwaro ya zauna, nesa kaɗan, inda ba za a ce yana saurare ba amma yana ji.

Aka ɗauki waƙa. Tulun ya shigo a makare, ya yi tuntuɓe, Shekari ya ce a ransa, ai dama na faɗa. Kafin a kai baiti na biyu dukan ya daidaita. Dum, dum, ba fashi. Ga muryarta nan a ciki, a karkace kamar kullum, ba abin da ya ragu. Ya ji daɗi, kuma daɗin da ɗaci a ƙasansa.

Waƙa ta ƙare, aka yi tsit. Lokacin roƙon addu'a ne. Da, kafin ka gyara zama an gama. Yau wata murya ta fara magana ƙasa-ƙasa ta daɗe, wata ta karɓa, wata ta karɓa. Rana ta sauka bayan rufin coci ba su gama ba. Sai ya ji kuka. Ba na yarinya ba ne, kuka ne mai kauri da ke fita ta gefen baki, kuma ko cikin mata dubu zai gane mai shi.

Bai san lokacin da ya isa ƙofar ba. Ya buga da tafin hannu. Mama Edith ta buɗe kaɗan, ta tare da jikinta.

"Ta faɗi ne? Mama, ta zame ko? Na ce muku a sa gwiwa!"

"Ba ta faɗi ba. Lafiyarta ƙalau. Kuka take yi."

"Kukan me?"

"Nata ne, Baban Elisha."

Ta mayar da ƙofa a hankali.

Tun ranar da ta faɗi yake goge mata baki, amma bai taɓa goge mata hawaye ba, don ba ta taɓa yi a gabansa ba. Shi kuma ya ɗauka kulawarsa ce ta sa ba ta da na yi. Ashe tana da shi, ajiye shi ta yi, tana jiran ya fita. Wannan ya yi masa ciwo fiye da rufe masaƙa, fiye da komai. Ya ɗaga hannu zai sake bugawa, ya tsaya, ya sauke.

Ya koma kan bulonsa ya zauna, ya juya wa ƙofar baya, ya bar ta ta yi kukanta har ta gama.